Takardun da Na Binne

A shekarar da matasa suka farfasa shaguna a tsakiyar Manchester da Birmingham, cikin watan Agusta, a shekarar ne aka rufe ajinmu na koyon karatu na manya. Mun tafi hutun bazara da alƙawarin komawa a Satumba, sai wasiƙa ta zo cewa babu kuɗin biyan malama. Ina da shekara arba'in da takwas a lokacin. Na yi shekara biyu a ajin, na san haruffa, ina iya haɗa gajerun kalmomi idan an ba ni lokaci, amma wasiƙar da ta sanar da ni an rufe ajin sai da na sauka ƙasa aka karanta mini.

Wanda ya karanta mini maƙwabcina ne, dattijon da ke hawa na biyu a benenmu na unguwar Hulme a Manchester, mu muna na uku. Bazazzagi ne, daga Hausawan da suke Kirista tun kakanni. Ya yi koyarwa a gida shekaru masu yawa, ya biyo 'yarsa ƙasar nan, da ta sami aikin jinya a Birmingham kuma ya ce shi ba ya ƙara tashi. Baba nake ce masa. Shi kuma Liman yake kirana, don ya ga ba na wasa da salla, ko da yake ban taɓa jan kowa salla ba sai matata. Aikina shara da goge-goge ne a wani ginin jami'a, daga asuba zuwa hantsi, saboda haka da rana ina da lokaci. Da ya gama karanta wasiƙar ya ninke ta, ya ce tunda Turawa sun gaji da ni, in riƙa saukowa bayan azahar.

Yana da wani babban littafi mai baƙin bango da ya rubuta da hannunsa, da shi ya riƙa koya mini karatun Hausa. Kowane shafi suna ɗaya ne daga Littafinsu. A sama ya rubuta sunan da haruffan Ibrananci, ƙasa da shi ma'anarsa da Hausa, sannan layi biyu ko uku na yadda yake ganin sunan yana nuni ga Almasihu tun kafin a haife shi. Ya ce ya fara aikin nan tun yana saurayi, wurin wani tsohon malamin mishan da ya iya harshen. Abin da yake damunsa shi ne mutanensa suna karanta sunayen nan da Hausa kamar duwatsu a cikin shinkafa, su tsallake su wuce, alhali kowanne magana ce.

A shafinsa na fara karanta layi guda ba tare da na tsaya ba. Baitalami, in ji shafin, gidan gurasa ke nan, kuma a nan aka haifi wanda zai ciyar da mutane. Wani shafin ya ce kalmar Almasihu kanta tana nufin wanda aka shafa wa mai, lambun da ya yi addu'arsa ta ƙarshe kuma sunansa wurin matse man zaitun. Akwai shafin da ya fi so, inda ya jera sunaye goma, daga mutum na farko zuwa annabin da ya sassaƙa jirgi a zamanin ruwan tufana, ya ce idan aka karanta ma'anoninsu a jere sai su zama kamar zance guda: an ƙaddara wa mutum mutuwa da baƙin ciki, amma wani zai sauko ya kawo hutu. Uku daga cikin goman ya sa musu ɗan gicciye a gefe da fensir. Na tambaye shi dalili, ya ce waɗannan an ja ma'anarsu da ƙarfi kafin ta kai inda ake so, shi kuma ba zai yi wa Allah ƙarya don ya taimake shi ba.

Ban yarda da duk abin da ke shafukan ba, shi ma ya sani. Almasihu muna da shi a namu karatun, amma inda Baba yake kai shi ba nan muke kai shi ba. Idan muka zo irin wurin nan sai in ce, “Baba, nan kam na karanta ne kawai.” Sai ya ce ai karatun ya ce in yi, bai ce in yi baftisma ba, in wuce layi na gaba. Wata rana ya nuna mini haruffa huɗu da suke yawan dawowa: wani ƙarami a sama kamar ɗigon ruwa, sai mai kama da ƙofa da 'yar kafa a gefe, sai sanda, sai ƙofar kuma. Ya ce wannan sunan Allah ne, Yahudawa ba sa furta shi don girmamawa. Waɗannan huɗun na riƙe su fiye da duk abin da ya koya mini.

Cikin Oktoba ya faɗi a banɗaki. Matata ce ta ji ƙarar ta ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da ƙafar dama, bakinsa kuma ya karkace, magana ba ta fita. 'Yarsa ta zo ta yi kwana goma tana kai da komo, sannan aka yanke cewa ba zai ƙara hawa bene ba, idan an sallame shi unguwar Perry Barr a Birmingham za a wuce da shi, gidanta. Sai ta shirya mayar wa masu benen ɗakunan da yake haya. Ranar Juma'a za a karɓi makulli, ita kuma hutunta ya ƙare ranar Laraba. Ta tattara tufafi da hotuna da littattafai a kwalaye, ta bar mini sauran. Ta nuna mini wasu ledoji huɗu da ta jawo daga ƙarƙashin gado, ta ce, “Kawu, waɗannan duk tarkace ne, envelope na wasiƙun hukuma da kwalayen cornflakes. Baba ba ya zubar da komai. Ka sa su a kwandon recycling kawai.”

Baƙin littafin na sa shi a kwali da hannuna, na naɗe shi da tawul. A tunanina shi ne aikin, na kuwa tsare shi.

Ranar Alhamis na ɗauki ledojin zan sauka da su, sai ɗaya ta yage a bakin ƙofa. Abin da ya zube tarkace ne kamar yadda ta ce: ambulan masu ruwan ƙasa, kwali da aka yayyanka daidai tafin hannu, takardun alƙawarin ganin likita. Amma a bayan kowanne akwai rubutu. Na durƙusa ina tattarawa, sai na ga haruffan nan huɗu a kan wani guntun kwali. Na juya wani, suna nan. Na buɗe sauran ledojin, ko'ina suna nan. Na ɗauka gwajin da yake yi ne kafin ya kwafe a littafi, irin wanda ɗalibi ke yi ya yar. Ban tsaya karanta Hausar da ke ƙasa ba, domin rubutun ƙanana ne, a lokacin kuma layi ɗaya irin wannan sai ya ci mini minti biyar.

Amma ban iya kai su kwandon shara ba. Yadda aka rene ni, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba ta haɗuwa da ƙazanta. Mahaifina idan ya tsinci guntun takarda mai ayar Alƙur'ani a hanya, sai ya ɗauka ya cusa a ramin katanga, idan sun taru ya ƙona ko ya binne a inda ƙafa ba ta takawa. Ban san hukuncin sunan idan da harshen wasu aka rubuta shi ba, ban kuma ga wanda zan tambaya kafin Juma'a ba. Na dai san kwandunan da ke bayan benenmu, da abin da mutane ke jefawa a ciki ko da an rubuta takarda zalla. Ƙonawa kuma babu wuri, ka kunna ashana a benen nan ƙararrawar gobara ta tashi.

Ina da ɗan filin noma da muke haya ni da wani abokina, irin waɗanda ake yankawa a bayan gari, tafiyar bas ɗaya. Can na kai takardun. Na juye su daga leda, domin leda ba ta ruɓewa, ni kuma so nake ƙasa ta ci su da mutunci. Na zuba su a tsofaffin rigunan matashin kai guda biyu, farare, wankakku, na ɗaure bakin. Na haƙa rami ya kai gwiwata a kusa da shinge, na sa su, na mayar da ƙasa. Don kada wani ya taka wurin, na shuka tafarnuwa a kai, lokacinta ne dama. Na koma gida da sanyin zuciya, ban gaya wa kowa ba, domin ban ɗauke shi labari ba.

Mako bakwai bayan haka, tsakiyar Disamba, 'yarsa ta kira ni ina dawowa daga aiki. Ta gaishe ni sama-sama, muryarta ba daidai ba. Ta ce magana ta fara dawo wa Baba, kalma ɗaya, biyu. Kwana huɗu ke nan yana cewa leda, leda. Ta kawo masa baƙin littafin, ya buɗe da hannun hagu ya nuna mata shafin ƙarshe, ya ture. Sai jiya ta gane. Littafin aikin shekarunsa na farko ne kawai, ya daina kwafewa a ciki tun da hannunsa ya fara rawa, shekara goma sha biyar da suka wuce. Duk abin da ya yi tun daga nan yana cikin ledojin, babu kuma wani kwafi.

Ta ce ta gaya masa suna wurina a ajiye. Tun jiya ya ƙi cin abinci sosai, idonsa na kan ƙofa. “Kawu, ƙarya na yi masa. Ni na ce ka zubar. Ban san yadda zan kalle shi in faɗa ba.”

Ina tsaye a tashar bas a lokacin. Na ce mata ban zubar ba. Ta tambaya suna ina. Na ce suna ƙarƙashin ƙasa. Sai da na maimaita, na kuma yi mata bayani tun daga ledar da ta yage. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, ta dai ce in je in duba, kada in kira ta sai na gani da idona.

Ban koma gida ba, na tsallaka titi na hau bas ɗin da ke zuwa gonar. An yi ruwa kusan kullum tun Nuwamba. A hanya ina lissafin abin da ruwan mako bakwai zai yi wa ambulan, ina tuna yadda na cire ledojin da gangan. Tafarnuwar ta fito, koraye, tsawon yatsa. Na tuge ta duka. Wani tsohon Bature mai filin da ke kusa da namu ya jingina da shebur ɗinsa yana kallona, ya ce bai taɓa ganin wanda ya girbe tafarnuwa a Disamba ba. Na ce masa na manta wani abu a ƙasa. Da na kusa, na ajiye shebur na ci gaba da hannu don kada in yanke su.

Rigunan matashin sun zama kalar ƙasa, sun yi nauyi kamar an cika su da tuwo. Na kwance ɗaya a wurin. Takardun da ke gefen waje sun narke, suna manne wa yatsa. Na ɓare su a hankali, na kai tsakiya, na zaro wani guntun kwali. A jiƙe yake sharkaf, amma rubutun fensir na nan, kowane harfi a wurinsa. Na zauna a kan bokiti na daɗe ina kallonsa. Na karanta Hausar da ke ƙasa, a hankali, ta ce wannan kalma toho ce, reshen da ke fitowa daga kututturen da aka sare. Sannan na kira ta.

Kwana biyar muka yi muna busar da su. Matata ta fara da faɗa, ta ce na kawo mata gona cikin ɗaki, sannan ta karɓe aikin daga hannuna don ta ga ina yaga su. Ta tafasa ruwa a tukunya, tana riƙe dunƙulen a kan tururi har ya saki, ta raba da bakin wuƙar yanka albasa. Muka shimfiɗa su a kan tsofaffin jaridu, a falo, a ɗaki, a kan kowane hita mai ɗumama ɗaki, har wurin sallata sai da na matsar. Waɗanda suka lanƙwashe ta sa musu ƙyalle ta bi da dutsen guga. A nan muka gane yadda abin yake. Duk wanda ya rubuta da fensir ko biro ya tsira, ko da takardar ta yi dauɗa. Amma a shekarun baya-bayan nan, da idonsa ya yi rauni, ya koma rubutu da alƙalami mai kauri irin na yara, shi kuwa ruwa ya wanke shi, sai shuɗin tabo kawai.

Ranar Asabar na sa su a akwatunan takalma uku na hau mota zuwa Birmingham. 'Yarsa ta tare ni a tasha. A hanya ta tsaya a Sparkhill ta sayi gurasa da nama, ta ce yau dai zai ci. Ta roƙe ni in bar ta ta fara magana, amma da muka shiga sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa.

Yana zaune a kujera kusa da taga, ya rame, bargo a gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora akwati ɗaya a cinyarsa na buɗe. Ya sa hannun hagu ya ɗauki na sama, ya kai kusa da ido, ya kai hanci. Warin ƙasa bai bar su ba. Ya dube ni. Sai na faɗa masa komai yadda ya faru, ban rage ba, ban da cewa 'yarsa ce ta ce a zubar. Ita ta faɗi wannan da kanta daga bakin ƙofa, da Turanci, da sauri, kamar mai cire filasta.

Sai ɓarin bakinsa mai motsi ya fara rawa, na ɗauka kuka ne. Maganarsa tana fita da ƙyar, kalma ɗaya sai ya huta, amma na ji ta sarai.

“Liman. A wurinmu kwana uku ne, Almasihu a kabari. Kai ka yi mako bakwai.”

Na ce, “Baba, ai ni ban san za a tashe su ba.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi, 'yarsa ta zo tana buga masa baya, ya riƙe hannunta bai saki ba. Daga baya, da ya ci gurasar, ya ba ni labari cikin guntayen kalmomi cewa Yahudawa ma haka suke yi, takardar da ke da sunan idan ta tsufa ba sa zubarwa, binne ta suke. Ya ce malaminsa ya gaya masa wannan, bai taɓa zaton a Manchester zai ga an yi ba, kuma ni, Bakatsine, ni zan yi.

Ban ɓoye masa masu shuɗin tabo ba. Na ware su a akwati na uku. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Wasu ya gane su daga ambulan ɗin da kansa, ya tuna ranar da wasiƙar ta zo da abin da yake karantawa a ranar. Wasu ya juya, ya juya, ya ajiye a gefe.

Shi ya ce a kwafe su kafin su ƙarasa lalacewa, kuma ni zan kwafe. Na ce rubutuna kamar tafiyar kaza yake. Ya ce shi nasa hannun ya mutu, 'yarsa kuma Hausarta ta baki ce, saboda haka kazar za ta yi. Na sayi littattafan rubutu masu layi. Kowace Asabar ta biyu ina hawa motar safe, in dawo da yamma. A gida nake kwafe waɗanda ake iya karantawa, in kai masa ya duba. Haruffan Ibranancin ba su wahalar da ni ba, daga dama ake fara su, hannuna ya saba da wannan tun ina yaro a gaban allo, zana su nake ko da ban san me suke cewa ba. Bokon ne ya ci mini lokaci. Kati ɗaya yakan ɗauke ni rabin awa da farko. Zuwa bazara ina yin goma a zama ɗaya, na kuma fara karanta wasiƙuna da kaina. Inda ya sa ɗan gicciyen shakka na sa masa, inda ban yarda ba na kwafe yadda yake.

Masu tabon kuma sai mu zauna, in riƙe masa a gaban ido, ya rufe ido yana nema. Idan ta zo ya faɗa in rubuta. Idan ba ta zo ba mu bar ta sai wani zuwan. Akwai waɗanda muka koma wa sau biyar. Wata Asabar, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, ya ce mu daina, abin da bai dawo ba zuwa yanzu ba zai dawo ba, kuma ba zai ƙirƙiro wani ya sa a gurbinsa ba. Ya sa na ƙirga a gabansa, na rubuta a shafin ƙarshe.

Takardun da muka iya rabawa ɗari huɗu da talatin da ɗaya ne. Ɗari uku da sittin da takwas sun karantu. Arba'in da ɗaya ya dawo da su daga ka. Ashirin da biyu sun tafi. Sai dunƙule biyu daga gefen waje, kowanne kaurin tafin hannu, waɗanda suka narke suka haɗe, ba mu san ko guda nawa ne a ciki ba.